Na Kira Shi Mushe Don Girmamawa

A tsakiyar shekarun saba'in ni saurayi ne da bai kai ashirin ba, Badamagare, siriri kamar sillen kara, ina karatu a makarantar koyon sana'a a Maraɗi, can Jamhuriyar Nijar. Ubana majemi ne, kakana majemi ne, ni ma da warin bagaruwa na buɗe ido, amma da yake na shiga lakwal, wato makarantar boko a bakinmu, sai nake jin na fi ƙarfin tukunyar jima. Ina da wando mai faɗin ƙafa, ina da 'yar Faransancin da nake tsorata tsofaffin unguwarmu da ita, ga baki da ba ya gajiya. Yau gashina ya yi fari, kuma na ga ya dace in rubuto wa wannan mujalla abin da ya same ni a Kano, ko wani yaron da za a tura karatu ƙasar mutane zai tsinci abin amfani a ciki.

Dogon hutun damina ya zo, makaranta ta zaɓe ni in je Kano in ga yadda ake jima da inji, in dawo in ba da labari. Ku Kanawa za ku yi dariya, amma a wurina wannan tafiya ƙasar waje ce sosai, da takardar ƙetare iyaka da kuɗin da ban san lissafinsu ba. Ubana ya raka ni tasha a Damagaram, ya ce in riƙe salla, in riƙe bakina, ya ƙara da cewa na biyun ne ya fi ji mini tsoro. Muka biyo ta Daura da Kazaure, ko'ina kore shar, ni kuwa na baro ƙasar da fari ya gama karkashe mana dabbobi ba da daɗewa ba. Ranar da na fara taka Bompai, unguwar masana'antun Kano, da safe, wallahi tsayawa na yi baki buɗe. Jiniya ta yi ƙara, sai ga mutane kamar an fasa gidan tururuwa, wasu a keke wasu a ƙasa, wasu na fitowa daga aikin kwana suna hamma, wasu na shiga. Nan masaƙa, can wurin matsar man gyaɗa, gaba kaɗan ƙamshin alewa ya bugi hancinka, ga manyan motoci jere suna jiran kaya. Ban taɓa ganin wurin da aiki ke neman mutum haka ba, kuma har gobe ina cewa wanda bai ga Bompai a wancan zamanin ba bai ga Kano ba.

A kamfanin fatun da aka tura ni, aka danƙa ni hannun shugaban sashen jima, wanda kowa ke kira Maigida. Mutumin Filato ne, Kirista, gajere kakkaura, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Ɗakin da aka yi alkawarin ba ni a kamfani sai aka tarar an cika shi da buhunan gishiri. Ina tsaye da akwatina ban san inda zan nufa ba, Maigida ya dube ni ya ce in hau bayan Vespa, gidansa a Dakata akwai ɗakin ɗansa da ya tafi makarantar kwana. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi, don ban taɓa kwana gidan wanda ba Musulmi ba. Amma a hanya ya tsaya ya saya mini buta da sabuwar tabarma, ban roƙa ba. Matarsa, wadda nan take na fara kira Mama, ita ta nuna mini gabas, ta kuma gaya mini masallacin da ya fi kusa. Idan na makara da asuba sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ladan ya daɗe da kira, ko a ƙasarmu barci ake bautawa. Nama kuwa wurin mahauci ɗaya take saye a bakin kasuwa, wani dattijo mai carbi a wuya, kuma sau da yawa ni nake riƙe mata kwando.

Karatun da na yi a hannun mutumin nan ya fi na shekara guda a aji. Ni ban iya Turancin Ingilishi ba, shi bai iya Faransanci ba, sai Hausa ta zama gadarmu. Ya nuna mini manyan gangunan katako da ke juyawa da fata a ciki, aikin da ubana ke kwana biyu yana yi da ƙafa da hannu su gama shi kafin azahar. Ya nuna mini maganin Turawa da ke mai da fata shuɗiya-shuɗiya, ya hana ni taɓa shi da hannu tsirara, ranar da na yi gardama kuwa ya ja mini kunne a gaban kowa. Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa raina jimar gargajiya ba. Yakan zaunar da ni ya ce in gaya masa yadda ubana ke fitar da jar fata, ya saurara kamar shi ne ɗalibin. Ran Asabar yakan ɗauke ni mu zaga Sharaɗa mu ga sababbin kamfanoni, mu wuce Challawa inda a lokacin ake ta sharar fili ana kafa ƙarafa, yana nuna mini da hannu yana cewa nan gaba duk nan hayaƙi zai tashi. In mun dawo ruwa ya jiƙa mu, Mama ta tarye mu da faɗa da kunun gyaɗa mai zafi.

Akwai wata al'ada a sashen nan da sai na bayyana ta kafin a gane girman abin da ya faru. Da tsakar rana, bayan an idar da azahar, ma'aikatan sashen kan zauna ƙarƙashin wata darbejiya a bayan ɗakin injuna su yi ciyayya, kowa ya kawo abin da aka dafa a gidansa a haɗa. Akwai mutanen Kumbotso, akwai na wajen Gumel da Ringim, yawancinsu sun baro iyali a ƙauye, abin da suke kawowa bai wuce gari da ƙuli ba. Babban kwano na Maigida ne. Kullum Mama sai ta cika wata ƙatuwar samira da tuwo ko shinkafa, miya da nama a wani kwanon, a ɗaura bayan Vespa. Shi yakan zauna ya jira su gama salla, ba ya buɗewa sai sun zo. An ce sun fi shekara goma a haka. Mutum ne da ya bar duwatsun garinsu ya zo cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba, ya zama shugabansu, kuma hannunsa da nasu na shiga kwano guda. Na taɓa jin yana gaya wa Mama cewa ba muƙaminsa ne ke sa mutanen nan su yi masa aiki da zuciya ɗaya ba, samirarta ce.

To, a lakwal ɗinmu malami namiji mushe muke ce masa. Kalmar Faransanci ce da bakin Bahaushen Nijar ya tauna ya mai da ita tasa, kuma babu sunan girma da ɗan makaranta ya sani wanda ya fi shi. Mu ma mun san ɗaya mushen, dabbar da ta mutu ba yanka, amma harshenmu yana raba su kamar yadda yake raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, ban taɓa jin wani ya haɗa su ba. Saboda haka tun ranar farko, da na ga mutumin nan malamina ne, sai na rusuna na kira shi da sunan da na san ana kiran malamai. Ina kwana Mushe, sannu da aiki Mushe, Mushe ya ce a kawo kaza. Na lura ma'aikata na ƙyaƙyata dariya duk lokacin da na faɗa, amma da yake Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, kuma tun zuwana suke ce mini ɗan Faranshi mai cin fara, sai na ɗauka karin harshena suke yi wa dariya. Har daɗi nake ji, ina ƙara ɗaga murya don su dara. An ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa makanta ta haɗu da surutu.

Kunnen Bakano bai san mushen lakwal ba, ɗaya kawai ya sani, kuma a shekarun nan kalmar tana bakin kowa a kamfanin, don fatun dabbobin da fari ya kashe suna ta shigowa daga arewa ana ware su gefe. Da farko abin wasa ne, matasan sashe suna kwaikwayona a bayan idon Maigida. Daga nan sai wani ya ce ai yaron nan a gidan yake kwana, in ba wani abu ya gani a tukunyar gidan ba, me zai sa ya laƙaba wa mai gidan wannan suna. Wani ya ƙara gishiri, wani ya ce shi ma ya taɓa jin naman da wani irin ɗanɗano. Ban san komai ba, sai dai na ga masu sa hannu a samira suna raguwa. Yau wannan ya ce cikinsa na ciwo, gobe wancan ya ce azumin nafila yake yi, har na yi mamakin yadda tsoron Allah ya sauko wa sashen gaba ɗaya a mako guda.

Wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke aikin kankare fata shi ya ja ni bayan tulin gishiri ya warware mini. Ya ce ya yi ƙoƙarin gaya musu ma'anar kalmar a wurinmu, suka ce rufa wa ɗan'uwansa asiri yake yi. Ya ce ni kaɗai zan iya kashe wutar nan, tunda ni na kunna ta, in tashi a gaban kowa in yi bayani. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A nan ne kuma na yi kuskuren da ya fi na farko, don na farko rashin sani ne, wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Kunya ta hana ni tashi. Na ce a raina in na daina faɗar kalmar, maganar za ta mutu da kanta. Na koma kiran shi Maigida kamar kowa, na ja bakina na tsuke. Ashe shirun nan su a wurinsu shaida ce, suka ce an ja wa yaro kunne a gida don ya tona asiri.

Ana haka wata rana ina wanke hannu zan zauna gindin darbejiya, sai wani matashi mai tura amalanke ya wuce ta bayana, ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, wai abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. Na tuna ni baƙo ne, na tuna labari na iya bin motocin fata har Damagaram ya shiga kunnen ubana a ce ɗansa ya je Kano yana cin haram. Sai na share hannuna a wando, na ce wa Maigida yau marmarin ɗanwake nake yi, na fita bakin ƙofar kamfani wurin masu talla. Ni da na riƙe kwandon cefanen da hannuna, ni da na san mahaucin da carbinsa. Daga inda na tsuguna ina hango Maigida ta cikin wayar shinge. Ya buɗe samirar, ya jira, ya dubi masu fitowa daga salla suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, ya ci loma kaɗan, ya rufe, ya ɗaure ta bayan Vespa. Da muka koma gida Mama ta ɗaga kwanon ta ji nauyinsa, ya ce mata aiki ne ya yi yawa ba a samu zama ba. Sai ta juyo ta dube ni. Haka na yi ta cin ɗanwaken nan kwana da kwanaki.

Ranar wata Lahadi da suka dawo daga coci, na same shi a tsakar gida yana wanke Vespa, na durƙusa na fara kame-kame. Bai bari na wahala ba. Ya ce tun makon farko ya tambayi wani dillalin fata da ke zuwa daga Chadi, ya gaya masa abin da kalmar ke nufi, kuma tun kafin ya tambaya ma ya san ba zagi ba ne, don ba a zagin mutum ana rusunawa. Na ce to me ya hana shi hana ni. Ya ce yaro ya baro ƙasarsa da kalma ɗaya ta girmamawa a bakinsa, shi ba zai zama wanda zai fara ƙwace ta ba, kuma ya zaci dariyar za ta wuce. Game da waɗanda suka guji kwanonsa, ya ce bai riƙe su a zuci ba, mutumin da ke tsaron abin da zai shiga cikinsa saboda Ubangijinsa ba abin zargi ba ne, shi ma da an gaya masa irin haka da ya yi tunani. Ya ce da ya tashi ya kare kansa da sun ce borin kunya ne, irin wannan magana sai wani ya faɗa maka ita. Game da ɗanwakena kuwa bai ce uffan ba, kuma wannan ya yi mini zafi fiye da mari. Ban taɓa ganin haƙuri da sanin darajar mutane irin na bawan Allahn nan ba, kafinsa ko bayansa.

Washegari bayan sallame azahar na miƙe a gaban sahu. Na ce musu a ƙasarmu haka ake kiran malami, na rantse da Allah ban taɓa ganin naman da ba yankan Musulmi ba a gidan, na faɗi mahaucin da inda yake zama, na ce wanda ke shakka ya biyo ni in kai shi. Dattijon da ke ja mana salla, mutumin Kumbotso, ya ce ya san mahaucin, tare suke zuwa karatu. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce da na yi wannan magana tun ranar da na ji, da ba a kai nan ba. Sannan ya tashi ya nufi darbejiya, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sa hannu a samira. Wasu suka bi shi suna sunkuyar da kai, ni ma na zauna na ci ina haɗiye hawaye da tuwo. Amma ba duka suka dawo ba. Wasu sun riga sun faɗi maganar a wurare da yawa, komawa kwanon zai zama ƙaryata kansu, wasu kuma ƙyanƙyami ya riga ya shiga, kuma shi ba ya jin rantsuwa. Ba a yi kwana nawa ba aka ga watan azumi, ciyayyar rana ta tsaya, hutuna kuma ya ƙare. Lokacin da zan yi gyara da shi na cinye shi a bakin ƙofa wurin mai ɗanwake.

Ranar tafiyata su biyun suka raka ni tasha. Maigida ya ba ni wata jar fata da muka jeme tare, ya ce in kai wa ubana ya duba aikin ɗansa, in gaishe shi da kyau. Mama ta miƙo mini ƙullin dambun nama ta ce in yi buɗa-baki da shi a hanya. Na karɓa ina godiya, sai ta riƙe hannuna, ta matso kusa ta ce kada in ji komai, wurin dattijon nan mai carbi ta sayo, ta tsaya har aka yanka a gabanta. Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take, so take hankalina ya kwanta. Matar da ta ciyar da ni damina guda, ta tashe ni salla, yau ita ce ke kawo mini shaida a kan abincinta. Mota ta tashi, na kifa kaina a kan akwati, ban ɗago ba sai da muka wuce Kazaure.

Daga baya dattijon nan ɗan ƙasarmu ya zo ganin gida, ya ce mini bayan ƙaramar salla an ci gaba da zama gindin darbejiya, Maigida bai fasa jiran su idar ba, sai dai Mama ta koma zuba abincin a ƙaramin kwano. Ban sake ganinsu ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya je ƙasar mutane, ko da harshensu ɗaya, ya kasa kunne kafin ya saki baki, in ya ga ana dariya ya tambayi dalili, kada ya ɗauka farin jini ne. Wanda ya fi wannan kuma, in bakinka ya jawo wa wani ƙazafi, ko ba da nufi ba, kada ka ce shiru zai gyara, tashi a ranar ka wanke shi, don kowace rana ka ƙara wani ne ke biyan kunyarka. Ku matasa masu tafiya karatu, za ku haɗu da mutanen kirki da ba addininku ɗaya ba, ba garinku ɗaya ba, za su buɗe muku ɗakin 'ya'yansu. In an taso su da magana kuna da shaida a hannu, ku faɗe ta tun ana saurare. Ni na faɗi tawa, amma sai da na bari mutumin ya zauna shi kaɗai da kwanonsa.